Kanwa da Gishirin Borno: Tarihin Haƙarsu da Matsayinsu a Kasuwannin Duniya

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci haƙar ma'adinai a Arewacin Nijeriya, abin da ya fi saurin faɗowa a zuciyar mai sauraro shi ne kuzar Jos, domin ita ce Turawa suka shimfiɗa wa layin dogo, suka kafa wa kamfanoni, suka kuma riƙa rubuta nauyinta da farashinta shekara bayan shekara. Sai dai kuma tun ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya sa ƙafa a kan duwatsun Jos, akwai wata sana'ar haƙa a ƙasar Borno wadda ta ɗauki dubban ma'aikata, ta cika taskar sarakuna, hajarta kuma ta ratsa daga bakin Tafkin Chadi har zuwa gaɓar teku. Wannan sana'a ita ce ta kanwa da gishiri.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan sana'a: wuraren da ake haƙar, hanyoyin da kayan suka bi, da yadda kasuwar duniya ta zamanin masana'antu ta iske ta, ta ɗauke mata wani ɓangare ta bar mata wani. Tun da yake masu wannan sana'a ba su bar littattafan lissafi irin na kamfanonin kuza ba, dole a jingina da rahotannin matafiya na ƙarni na 19, da binciken masana irin su Paul Lovejoy, wanda ya wallafa littafi sukutum a kan gishirin wannan yanki a 1986, sannan da wata shaida da ta fi kusa da masu nazarin harshe, wato sunayen da Hausawa da maƙwabtansu suka laƙaba wa hajar.

2.0 Inda Ake Samun Kanwa da Gishiri

Tafkin Chadi ba shi da mafita zuwa teku. Kogunan Shari da Logon ne ke kawo masa mafi yawan ruwansa daga kudu, Komadugu Yobe kuma ta ƙara masa kaɗan daga yamma. A bisa al'ada, tafkin da ruwa ke shiga ba ya fita yakan zama mai zartsi, amma ruwan Chadi mai daɗi ne, mutum da dabba suna sha. Dalili kuwa shi ne ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin yashi zuwa arewa da gabas, yana ɗauke da sinadaran da suka narke a cikinsa, sai ya ɓullo a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi. A nan zafin rana ke shanye ruwan ya bar kanwa, wata a sarari kamar gari, wata kuma ta daskare a cikin taɓo kamar dutse. Ke nan tafkin da kansa ne ke tace ruwansa, abin da ya tace ya zubar kuma shi ne arzikin mutanen yankin.

Wuraren haƙar sun kasu uku. Na farko shi ne gabashin tafkin, a ƙasar Kanem, yankin da ake kira Foli, inda garin Liwa yake a yau cikin Jamhuriyar Chadi. A nan ake haƙo kanwa mai tauri, a sassaƙe ta falle-falle yadda za ta yi daɗin ɗauka. Aikin yana da wuyar gaske, domin mai haƙa yana tsaye ne cikin taɓo mai cin fata, shi ya sa ya faɗa a wuyan wani rukunin jama'a da ake kira Haddad, waɗanda sauran mutanen Kanem ke yi wa kallon ƙasƙanci, ba a auratayya da su. A da, daga bakin ramin sai a kai kayan gaɓar tafki, inda Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, ke loda su cikin jiragensu na ciyawa su ƙetare da su zuwa gaɓar yamma.

Na biyu shi ne ƙasar Manga da Muniyo, arewa da Komadugu Yobe, wajejen Maine-Sorowa da Gure. Akwai ɗaruruwan ƙananan tafkuna a nan waɗanda ke ƙafewa da rani. A wasu, share kanwar kawai ake yi a tara. A wasu kuwa sai an yi dahuwa: a kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba ta cikin matacin da aka saƙa da ciyawa, a kwarara ruwa, a tari abin da ya tsiyayo, a ɗura cikin ƙananan tukwane da aka jera a kan murhu, a yi ta hura wuta ana ƙara ruwan har ya daskare, sannan a fasa tukunyar a fitar da curin. Wannan shi ne mangul. Sana'a ce ta rani. Da an gama girbi sai manoma su yi ƙaura zuwa bakin tafkunan su kafa bukkoki, ba su komawa gida sai damina ta kawo jiki. A da, masu sarautar da tafkunan ke hannunsu suna da kaso a cikin abin da aka dafa, kuma akwai bayi da yawa a cikin ma'aikatan a wancan zamani. A wannan yanki da kewayen tafkin har ila yau ana yin wani gishiri mai suna kige daga tokar itacen da ake yin asuwaki da shi.

Na uku shi ne Kawar, can cikin Sahara, inda garin Bilma yake, da kuma Fachi da ke yamma da shi. Ana haƙa ramuka ne ruwan ƙasa ya taru, rana ta ƙafar da shi. Gishirin da ya fi tsabta shi ne beza, na miya. Wanda ya gauraya da ƙasa kuma a cura shi a zuba cikin mazubin kututturen dabino ya fito kantu, na dabbobi.

3.0 Sarauta da Fatauci

A zamanin da daular Sefawa take da ƙarfi, bayan Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a wajen shekarun 1470, dukkan wuraren nan uku suna ƙarƙashin ikon Borno ko kuwa cikin inuwarta. Gazargamu kanta tana bakin Komadugu Yobe ne, dab da ƙasar Manga, a kan hanyar da ta miƙe arewa ta Kawar zuwa Fazzan da Tarabulus. Masana tarihi sun fi mayar da hankali ga wannan hanya ta arewa, saboda ta nan bayi suka fita, dawaki da makamai da takarda suka shigo. Amma ga talakan ƙasar Hausa ko ta Nupe, wanda bai taɓa ganin dokin Barbar ba, abin da ya san Borno da shi shi ne ɗan guntun kanwar da matarsa ke jefawa cikin miya.

Wannan iko ya fara zaizayewa ne daga arewa. A wajen 1759 Abzinawa suka ƙwace cinikin gishirin Bilma daga hannun Borno, tun daga lokacin kuma ayarin raƙuma ya riƙa tasowa daga Azbin da kaka, ya ratsa hamadar Tenere ɗauke da gero, ya komo da kantu da dabino, sannan ya gangara Damargu da Kano ba tare da ya taka ƙasar Borno ba. Girman wannan ayari ya kai a farkon ƙarni na 20 Faransawa suka ƙidaya raƙuma wajen 20,000 a tafiya guda. Bayan wannan sai jihadi ya zo, aka ci Gazargamu a 1808. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ya ceto daular, ya zauna a Ngurno kafin ya gina Kukawa a 1814, da haka cibiyar mulki da ta kasuwanci ta matso kusa da tafkin. Denham da Clapperton da Oudney, waɗanda suka iso Kukawa a watan Fabrairu na 1823, sun tarar Ngurno ce mafi girman garuruwan Borno, Denham ya ƙiyasta mutanenta da 30,000. Daga sunan wannan gari ne Hausawa suka samo kalmar ungurnu, wato kanwar Foli da ke ƙetaro tafki ta biyo ta kasuwarsa.

Shaidar da ta fi kowace bayyana girman cinikin ita ce ta Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Ya shigo ƙasar Hausa tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya sauka Kano a watan Fabrairu na 1851. A lissafin da ya yi wa kasuwar Kano, ya ce aƙalla kaya 20,000 na kanwa, a bayan takarkarai da dawaki da jakuna, ke ratsa birnin kowace shekara daga Borno zuwa Nupe, kuma kuɗin fito kaɗai, a kan wuri 500 kowane kaya, ya kai wuri 10,000,000. Ya lura cewa hajar mai araha ce, yawanta ne ke kawo riba, kuma ba ta wuce Kano sai ta sauya hannu. Da ya nufi Kukawa a watan Maris ya iske Gumel, wadda a lokacin take bin Borno, ita ce babbar matattarar kanwa. Wannan ya nuna tsarin cinikin sarai: Barebari da Mangawa ke kawo kayan iyakar yamma, daga nan fataken Hausawa su karɓa.

Su waɗannan fatake su ne suka kai kanwa nesa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja, ba su tafiya hannu sake; kanwa na cikin manyan kayan da madugai ke lodawa, tare da tufafin Kano da fatu da dabbobi, a sayar a zango-zango har Salaga, a sayo goron Asante. Wasu ayarin kuma suka bi ta Bida da Ilori zuwa ƙasar Yarbawa har Ikko. Clapperton, a tafiyarsa ta biyu a 1826, ya ga kanwar Borno a kasuwannin ƙasar Yarbawa da ta Nupe, fiye da kilomita dubu daga inda aka haƙo ta.

A rabin ƙarshe na ƙarnin, Damagaram ta yi ƙarfi ta janye jiki daga Kukawa, ta kuma shimfiɗa ikonta a kan Muniyo. Sannan Rabeh ya ci Borno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya koma Dikwa, hanyoyin fatauci suka rikice har zuwa lokacin da Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900.

4.0 Abin da Ya Sa Ake Neman Kanwa

Hajar da ba ta da tsada ba ta jure doguwar tafiya sai in babu abin da zai maye gurbinta. Gishiri ana samunsa a wurare da dama: a Dallol Foga ta yamma, a Awe da Keana ta kwarin Binuwai, a Uburu ta ƙasar Ibo, da kuma bakin teku. Kanwa mai kyau kuwa sai daga kwarin Chadi.

Amfaninta a girki sananne ne: tana sa wake da ganda su nuna da wuri, tana tsare yauƙin kuɓewa da kuka, tana kashe tsami, a Kudu kuma da ita ake haɗa manja da ruwa su zama miya. Makiyaya suna ba shanu, masu dawaki suna ba dawakinsu, kuma wannan kasuwa ta dabbobi ita ce ta fi cin kaya da yawa. Masu cin taba da masu shaƙa suna gauraya ta da garin taba, abin da ya sa duk inda taba ta yaɗu a Afirka ta Yamma kanwa ta bi ta. A wajen magani ana jiƙa ta don ciwon ciki, ana kuma dama wa mai jego kunun kanwa har ta yi arba'in. Ba a nan gizo ke saƙa ba sai da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna, a shekarun 1970, cewa akwai alaƙa tsakanin yawan shan wannan kunu, haɗe da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Sai dai amfaninta a sana'o'i shi ne ya haɗa ta da kasuwannin da suka wuce Afirka. A da, Masagan Bida suna narka yashi da kanwa su yi gilashin da suke ƙera awarwaro da duwatsun wuya. Masu sabulu da marina suna nemanta. Mafi muhimmanci, dukawa da majema suna haɗa kanwa da karan dafi su fitar da jan launin da ake rina fatar akuya da shi. Jar fatar nan ta Sakkwato da Kano ita ce ta riƙa ƙetare Sahara zuwa Tarabulus da sauran biranen Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko, suka yi bangon littattafai da takalma da ita. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma har Amurka take zuwa. Ke nan kanwar Borno ba ta taɓa shiga jirgin ruwa zuwa Turai da sunanta ba, amma aikinta ya shiga, a jikin fatar da aka ba sunan wata ƙasa daban.

5.0 Shaidar Harshe

Yawan sunayen da al'umma ta ba wani abu yakan nuna irin kusancinta da shi. Bahaushe ya bambanta jar kanwa da farar kanwa da garin kanwa da ungurnu da gwangwarasa. A gishiri kuma yana da balma da beza da kantu da mangul da manda da gallo. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara da dama daga cikin waɗannan kalmomi tun ana amfani da su yau da kullum a kasuwa. Abin lura shi ne wasunsu sunayen wurare ne da bakin Hausa ya murɗa: Bilma ta zama balma, Ngurno ta zama ungurnu. Wannan ɗabi'a ce ta 'yan kasuwa, waɗanda ke sanin ingancin haja ta wajen inda ta fito. Manda kuwa a Barbarci sunan gishiri ne kowane iri, amma da ta shigo Hausa sai ma'anarta ta ƙuntata, ta tsaya a kan wani baƙin gishirin Borno da ake magani da shi. Irin wannan ƙuntatar ma'ana ba baƙon abu ba ne a aron kalmomi: mai aro yana da kalmarsa ta gishiri tun da farko, saboda haka sai ya ajiye baƙuwar ga nau'in da baƙon ya kawo. Joseph Greenberg, a wata maƙala ta 1960, ya kawo hujjar cewa kalmar kasuwa ita kanta daga Barbarci Hausa ta aro ta.

Idan aka juya Kudu sai alƙiblar aron ta sauya. Barebari suna kiran kanwa kəlwu, amma ba wannan suna ne ya isa teku ba. Yarbawa suna cewa kaun, Ibo suna cewa akanwu, a kasuwannin Gana ma sunan da ake ji na kusa da na Hausa ne. Wannan ya yi daidai da abin da Barth ya gani a Gumel da Kano: Borno ce ta haƙa, amma da bakin Bahaushe aka yi tallar.

Karin magana ma bai bar ta a baya ba. Ana cewa kanwa uwar gami ga wanda shi ne tushen fitina, domin da an jefa ta cikin abu sai ya sauya kama. Ana cewa kanwa ta kar tsami idan rigima ta kwanta. Ana kuma cewa duk kanwar ja ce, wato babu bambanci, maganar da ba za ta yi ma'ana ba sai a cikin jama'ar da ta saba da zaɓe tsakanin ja da fara. Turawa dai ba su kai ga wannan bambancewa ba. Sun kira ta fotash, sunan da ya bi ta har cikin Turancin Nijeriya na yau, alhali kuwa fotash na ainihi daga toka ake samunsa kuma sinadarin fotasiyam ne a cikinsa. Kanwa sinadarin sodiyam ce, dangin abin da Misirawan dā suka haƙa a Wadin Natrun suka yi gilashi da shi suka kuma busar da gawarwakin Fir'aunoninsu. Daga wancan suna na natrun ne masana kimiyya suka samo alamar Na da suke rubuta sodiyam da ita.

6.0 Zuwan Turawa da Kasuwar Duniya

Abu na farko da mulkin mallaka ya yi wa wannan sana'a shi ne raba ta da kasuwarta. Tun daga yarjejeniyar 1890, wadda ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa, har zuwa gyare-gyaren 1898 da 1904 da 1906, Ingila da Faransa sun yanka yankin yadda Kawar da Muniyo da mafi yawan ƙasar Manga suka faɗa hannun Faransa ta ɓangaren Nijar, Foli ta faɗa hannunta ta ɓangaren Chadi, masu saye kuwa, miliyoyinsu, suka kasance a Nijeriya ta Ingilishi. Shehun Borno ya wayi gari sarkin kasuwar kanwa ne wanda ba shi da rami ko ɗaya mai muhimmanci a ƙasarsa. Gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayari harajin fito a kan kanwa da gishiri da goro da dabbobi, har sai da aka soke shi a 1907. A wannan shekara ce kuma Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya tare a Yerwa, kusa da barikin Turawa na Maiduguri. Sannu a hankali sabon birnin ya gaji matsayin Ngurno da Kukawa: kanwa ta riƙa sauka a Baga, ta biyo ta Monguno, tafiyar kusan kilomita 200, ta taru a hannun dillalan Maiduguri, cikinsu har da Hausawan da unguwar Hausari ta samo sunanta daga gare su.

Abu na biyu shi ne gishirin Turawa. A lardin Cheshire na Ingila akwai gishiri mai ɗimbin yawa a ƙarƙashin ƙasa, ana dafa shi da kwal, jiragen Liverpool kuma na sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma da araha. Tun a ƙarni na 19 ya fara hawowa ta kogin Kwara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai farin gishirin buhu ya mamaye kasuwannin ƙasar Hausa. Mangul da beza ba su ɓace ba, amma sun koma gishirin ƙauye da na dabbobi da na magani.

Kanwa kuwa ta tsira, domin Bature bai kawo abin da uwargida ko Bafulatani zai yarda ya musanya ta da shi ba. Amma tsira daban, shiga kasuwar duniya daban. A daidai wannan zamani masana'antun Turai na gilashi da sabulu da takarda suna matuƙar bukatar garin soda, wato ainihin sinadarin da ke cikin kanwa. Sai dai tun a shekarun 1860 wani mutumin Beljiyam, Ernest Solvay, ya gano hanyar yin sa daga ruwan gishiri da farar ƙasa, kamfanin Brunner Mond kuma ya kafa masana'antarsa a 1873 a kan gishirin nan na Cheshire. Wurin da ya kori gishirin Borno daga tukunyar miya shi ne kuma ya sa Turai ba ta bukaci kanwarta ba.

Duk da haka ba za a ce Turawa ba su damu da kanwar ƙasa ba. A Kenya sun kafa kamfani a tafkin Magadi a 1911, suka ja masa reshen layin dogo na kansa, daga baya ya koma hannun Brunner Mond a 1924, a 2005 kuma kamfanin Tata na Indiya ya saye shi. Bambancin shi ne kanwar Magadi a tare take wuri guda, mai kauri, kuma akwai hanya zuwa tashar Mombasa. Ta Chadi a warwatse take cikin ɗaruruwan kwaruruwa, gauraye da taɓo da yashi, nesa da teku ta kowace fuska, sannan ramin na wata daula, hanyar fita na wata. Kwatanci da kuza ya isa ya nuna yadda aka auna abin: kuzar Jos ta samu ƙaramin layin dogo daga Zariya tun 1914, aka kuma tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙarta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya a 1942. Borno kuwa layin da ya fi kusa da ita ya tsaya a Nguru a 1930, kuma gyaɗa da fatu aka nufa da shi. Jirgi bai shiga Maiduguri ba sai 1964, da rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya ba Nijeriya a 1958, a lokacin kuwa manyan motoci sun riga sun karɓe dakon kanwa.

A yau duniya na samar da garin soda fiye da tan miliyan 50 a shekara, kusan rabinsa na tafiya ne wajen yin gilashi. Ƙasar Sin ce kan gaba. Na ƙasa kuwa, wanda ake haƙowa, mafi yawansa daga Wyoming ta Amurka yake fitowa, inda aka gano shi a 1938 ana cikin neman man fetur, sai Turkiyya, sai Kenya da Botswana. Nijeriya na cikin masu sayowa daga waje don masana'antunta na kwalba da sabulu, kamar yadda take sayo ɗanyen gishirin da ake tacewa a sa masa sinadarin aidin.

7.0 Daga Fari Zuwa Rikici

Tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, har ya rabu gida biyu, ɓangaren arewa ya riƙa ƙafewa ɗungurungum a wasu shekaru. Garuruwan da suke bakin ruwa suka koma kan tudu, aka riƙa matsar da mashigin jirage ana bin ruwan, shi ya sa aka samu Doron Baga gaba da Baga. Jiragen katako masu inji sun maye gurbin na ciyawa, wani kason kanwar kuma ya koma zagayowa ta ƙasa, ta Gamboru Ngala. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, ruwa da noma da kifi ta fi sa wa ido. Gwamnatin Nijeriya ita ma, idan ta tuna da ma'adinan kwarin Chadi, fetur take nufi. An haƙa rijiyoyin gwaji fiye da 20 a Borno kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ba a samu na sayarwa ba.

Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a Maiduguri a 2009, ya faɗa ne daidai kan tsohuwar hanyar kanwa. Baga ta sha mummunar ɓarna a watan Afrilu na 2013, aka sake cin ta a watan Janairu na 2015, mutanenta suka watse zuwa Maiduguri da tsibiran tafkin da ƙasar Chadi. An rufe iyakoki, an hana zirga-zirgar jirage, an kwashe mazauna tsibirai da dama, cikinsu har da Buduma waɗanda kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru suna fiton ungurnu. Yankin Difa, inda ƙasar Manga take, shi ma ya shiga dokar ta-ɓaci a 2015. A watan Yuli na 2017 aka kai hari kan ayarin masu binciken fetur kusa da Magumeri, wanda ya haɗa da ma'aikatan sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Maiduguri, aka kashe wasu aka kama wasu.

Duk da wannan, kanwa ba ta yanke a kasuwa ba. Ana ci gaba da haƙarta a Liwa da kwaruruwan Manga da hannu, da irin kayan aikin da Barth zai gane in da ya dawo, manyan motoci kuma na sauke ta a Maiduguri da Kano, daga can ta wuce Anaca da Ibadan da Ikko, inda mata ke kasa ta ƙulli-ƙulli a faranti ana saye da sunan akanwu ko kaun.